Idan Mai Kiwo Ya Riƙe Maka Dabba da Kaya Saboda Rigimar Kuɗi: Yadda Za Ka Karɓo Su a Kano

Shekarar da aiki ya kai ni Legas na wata bakwai, iyalina suka koma gida, ni kuma na damƙa abin da muke kiwo a hannun wani bawan Allah da ke bayan layinmu: raguna biyu balami, tantabaru aure shida, da kyanwar yara. Da yake yana da shago da ba kowa a ciki, sai na haɗa masa da janareta da keken ɗinkin maiɗakina da akwatin ƙarfe mai takarduna. A tsaye muka gama maganar a ƙofar masallaci bayan la'asar: naira 15,000 duk wata ladan wahalarsa, kuɗin dusa da harawa kuma in riƙa turowa. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya kiyaye hanya".

Ranar da na dawo na je da mai a-daidaita-sahu zan kwashe kayana, ya tare ni a bakin zaure ya ce, "Alhaji, akwai sauran lissafi." Ya ambaci kuɗin da ya ninka abin da na sani har sau uku, ya ce sai an biya za a kwance. Ta gefen kafaɗarsa na hango ragunan a turke, ƙashin ƙugunsu ya fito, bahon ruwansu a bushe har da ƙura a ciki. Kwana 11 na yi kafin su dawo hannuna, kuma a kwanakin nan na koyi mafi yawan abin da zan faɗa a nan.

Irin wannan rigima abu biyu ne a ƙulle wuri ɗaya, bashi da rai. Bashi yana iya jira wata shida ana jayayya a kansa bai rube ba. Dabba kuwa kullum sai ta ci ta sha, kullum kuɗin abincinta na hawa kan wanda ake musu a kansa, kuma tana iya mutuwa kafin a gama gardama. Don haka duk matakin da za ka ɗauka, ka auna shi da tambaya ɗaya: zai fito da dabbar da wuri, ko zai ƙara mata kwana a turke?

Ranar farko: riƙe fushinka, ka nemi ganin dabbar

Zuciya za ta raya maka ka ɗebo matasan unguwa a ɓalle ƙofa, tunda kayanka ne. Kada ka yi. Shiga gidan mutum ko shagonsa da ƙarfi laifi ne mai zaman kansa, sashe na 342 na kundin dokokin laifuka, wato Final Kod, ya yi magana a kan ketare haddi irin wannan, kuma da zarar an ɓalle kwaɗo ko an taɓa lafiyar wani, kai mai gaskiya ka koma wanda ake tuhuma. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka nan zagi da gori da sa hotonsa a Facebook. Mutumin nan shi ke ɗaure da dabbarka, idan ka ci mutuncinsa a bainar jama'a, a kanta zai huce, ko ya ƙara taurin kai don kada a ce ya ji tsoro.

Abin da za ka nema a ranar kaɗan ne, kuma da wuya ya ƙi a gaban mutane. Ka ce, "Malam, na ji maganarka, za mu zauna a kan lissafin. Amma bar ni in gan su." Ka shiga da mutum ɗaya ko biyu masu hankali, ka ɗauki hoto da bidiyon kowace dabba da kowane kaya, ka ƙirga da baki a ji.

Sannan ka yi abin da ni ban yi ba sai a kwana na huɗu: ka karɓi ciyarwar. Ka faɗa a gaban shaidu cewa daga yau kai za ka riƙa kawo dusa da harawa da ƙowa, ko abincin kyanwa ko dawar tantabaru, kuma ba ka amince a ƙara kashe ko sisi da sunanka ba sai da izininka. Da wannan lissafin ya tsaya cak inda yake, dabbar ta samu abinci, kai kuma ka samu dalilin leƙa ta safe da yamma. Idan akwai maganin da wani ke sha a cikin kayan, ko fasfo, ko katin ɗan ƙasa, ko takardun makaranta, ka nemi a ba ka su a ranar. Ba su da wata daraja a wurinsa, kuma duk dattijon da ke wurin zai goya maka baya.

Tattara hujja tun kafin a tambaye ka

A shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Kai za ka tabbatar da cewa kayan naka ne kuma ka ba shi. Shi kuma, tunda shi ke cewa yana bin ka ƙarin kuɗi, nauyin tabbatar da ƙarin yana wuyansa. Mutane da yawa suna mance wannan rabin na biyu.

Kan mallaka, ka nemo rasit idan akwai. Rago ba kasafai ake sayensa da rasit ba, amma dillalin da ya ci la'adarsa a kasuwar 'Yan Awaki ko a karar Wudil shaida ne, kuma dillalai ba sa saurin mance dabbar da ta bi ta hannunsu. Tsagar kunne, tambari, karyayyen ƙaho, ɗigon baƙi a ƙafa, duk ka rubuta su. Kare ko kyanwa, katin rigakafi na asibitin dabbobi mai ɗauke da sunanka ya fi komai, sai tsofaffin hotunan yara da dabbar a tsakar gidanka. Janareta da keken ɗinki suna da lamba a jiki, ka duba kwali ko rasit.

Kan biya, ka je banki ko ka shiga manhajar wayarka ka fitar da bayanin asusu na duk watannin, ka ja layi a ƙarƙashin kowane kuɗi da ka tura masa. Wanda ka tura ta wurin mai POS ko ka ba wani ya kai, ka nemi wanda ya kai ɗin. Saƙonnin WhatsApp, musamman na murya, kada ka goge ko ɗaya, kuma kada ka canza waya a wannan tsakanin. Kotu tana karɓar irin wannan hujja, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya tsara sharuɗɗanta. A nawa lamarin, saƙon murya guda da ya turo mini a wata na uku yana cewa "kuɗin wata ya shigo, Allah ya saka da alheri, komai lafiya" shi ya rushe da'awarsa ta cewa tun farko naira 30,000 muka yi.

Zauna ka yi wa kanka lissafin gaskiya

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin da kanka za ka yi shari'a. Ba kowane mai riƙe kaya ne azzalumi ba. Sau da yawa talaka ne da aka bar wa baki huɗu ko biyar, aka tafi aka yi shiru wata biyu, buhun dusa ya tashi, ya ci bashi a wurin mai injin niƙa don kada dabbar wani ta mutu a hannunsa. Ya san idan ya saki igiyar nan ba zai ƙara ganin ƙeyarka ba, shi ya sa ya riƙe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya kuma ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. In kai ne ka yi sakaci, ka yarda tun yanzu.

Ɗauki takarda ka kasa kuɗin da yake nema gida uku. Gida na farko, abin da ka san yana bin ka ba musu: watan da ba ka tura ba, kuɗin allurar da ka ce a yi. Gida na biyu, abin da mai yiwuwa ya kashe amma kuna saɓani a kan yawansa, kamar buhu nawa raguna biyu za su ci a wata. Wannan abu ne da duk mai kiwo a unguwa ya sani, sai a tambayi biyu daga cikinsu. Gida na uku, abin da ba a taɓa maganarsa ba sai yau, kamar kuɗin hayar shagon da shi da bakinsa ya ce ka ajiye kyauta.

Na farko ka biya shi nan take, ta banki, ka rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Wasu za su ce maka kada ka ba shi ko kwabo sai ya saki. Ban yarda da wannan shawara ba. Biyan abin da ba musu a kansa yana zare masa hujja, kuma duk wanda zai shiga tsakani, daga mai unguwa har alƙali, da wani ido zai dube ka. Ni da na yi lissafin, na tarar da gaske yana bi na kuɗin wata ɗaya da na allurar tsutsar ciki, na biya a daren.

Shin yana da ikon riƙewa?

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke hukunci da shi, abin da ka ba mutum ya adana maka amana ce, wanda ka ɗauka ya yi maka kiwo da lada kuma ɗan ƙodago ne amintacce. Ladansa da abin da ya kashe wajen ciyarwa bashi ne a kanka, dole ka biya. Amma jingina yarjejeniya ce da sai mutum biyu sun ƙulla, ba a wayi gari mutum ɗaya ya mai da amana jingina don ransa ya so ba. Aya ta 58 a suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita. Kuma ko da a ce riƙon ya halatta, bai halatta a bar dabba da yunwa ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim.

A ɓangaren dokar da majistare da babbar kotu ke aiki da ita, wadda muka gada daga Ingila, akwai bambancin da ya kamata ka sani. Wanda ya yi aiki a jikin kaya ya ƙara masa daraja, kamar bakanike da ya gyara mota ko tela da ya ɗinka riga, yana da ikon riƙe wannan kayan har a biya shi kuɗin wannan aikin. Wanda kuwa adanawa ko ciyarwa kawai ya yi, ba shi da wannan iko, sai dai in tun farko kun yi yarjejeniya a kan haka. Mai horar da doki yana da bakin magana fiye da wanda yake zuba masa ciyawa a barga kawai. Mai gadin da ba a biya albashinsa ba yana da haƙƙin ya kai ƙara, amma ba shi da ikon kulle kayan maigida. Kuma ko wanda yake da ikon riƙewa, ba shi da ikon sayarwa da ra'ayin kansa, sannan ba zai riƙe janareta a kan kuɗin dusar rago ba.

Sanin wannan na amfaninka ne a zuci da kuma gaban mai sulhu. Kada ka je kana karanta masa doka a ƙofar gidansa.

Nemi kayanka a fili, a rubuce

Ƙarar riƙe kayan wani tana tsayawa ne a kan ƙafa biyu: ka nema, ya hana. Don haka sai neman ya zama abin da za a iya nunawa. Rubuta gajerar takarda da Hausa, kwafi biyu, ba zagi ba barazana. Misali:

"Ni wane, na ba ka raguna biyu, tantabaru aure shida, kyanwa ɗaya, janareta, keken ɗinki da akwati a watan kaza. Na biya ka naira kaza, ga shaidar banki. Kana neman ƙarin naira kaza, ni ban amince da shi ba, amma a shirye nake mu zauna gaban mai unguwa. Ina neman ka miƙa mini kayana ranar kaza da ƙarfe kaza. Ban ba ka izinin sayarwa, yankawa, ko kai su wani wuri ba."

Ka sa kwanan wata da hannu, ka ba shi a gaban shaidu biyu maza baligai waɗanda ba 'yan gidanku ba, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp. Wa'adin ya zama gajere, kwana biyu ko uku, saboda rai ne a ciki. In bai iya karatu ba, ɗaya daga cikin shaidun ya karanta masa.

Sulhu, inda mafi yawan irin wannan magana take ƙarewa

A Kano mai unguwa shi ne ƙofar farko, kuma ka je wurin mai unguwar inda dabbar take, domin shi ne mutumin zai ji nauyinsa. Ka je da takardunka a jere, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka taƙaita: "Ranka ya daɗe, ba na zo a hana shi haƙƙinsa ba ne. Na zo a fitar da dabbobin nan kafin su lalace, lissafi kuma a yi shi a gabanka." In limamin masallacin da mutumin ke salla zai halarta, ya fi. In mai kiwon ɗan kasuwar dabbobi ne, shugabannin kasuwarsu suna da ƙarfi a kansa fiye da yadda kake zato, saboda sana'ar ta amana ce kuma ba sa son sunansu ya ɓaci. In Bafulatani ne a rugar bayan gari, ardo ake nema.

Ga shawarar da za ka ajiye a gaban zaman, ita ce ta kwance nawa ƙullin. Kuɗin gida na biyu, wanda ake musu a kansa, ka damƙa shi a hannun wanda ku biyun kuka yarda da shi, mai unguwa ko liman, a rubuta. A saki dabbobi da kaya a ranar. Sannan a sa rana a yi lissafi a tsanake, abin da ya tabbata nasa ne a ba shi, saura a dawo maka. Tsoronsa shi ne ka ɓace da kuɗinsa, to ga kuɗin a hannun dattijo. Tsoronka shi ne dabbar ta mutu, to ga ta a gidanka. Wanda ya ƙi wannan tayi ya nuna wa kowa cewa ba haƙƙinsa yake nema ba, kuma waɗanda suka zauna sun zama shaidunka.

Idan ba ka da kuɗin ajiyewa, ka kawo mai tsaya maka, mutumin da aka sani a unguwa ya ce ya lamunce. Ko ka bar abin da ba ya ci ba ya sha, kamar janareta, a hannun mai unguwa a matsayin jingina ta gaskiya da yardarka, a saki masu rai.

In zaman unguwa ya gagara, sai Hisba. Hukumar tana da ofis a ƙananan hukumomi, hedikwatarta na Sharaɗa, kuma sasanta mutane na cikin manyan ayyukanta. Za su kira shi, su ji ta bakin kowa, su rubuta abin da aka cim ma. Sai dai ka sani Hisba ba kotu ba ce, in ya ƙi sai dai a tura ku gaba. Akwai kuma cibiyar sasanci ta Multi-Door da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, wadda ta fi dacewa idan dukiyar mai yawa ce, kamar doki ko garken shanu. Mata da yawa su ke da awaki da tumakin da ake ba da kiwo a garin nan. 'Yar'uwa, in ke ce mai kayan, kina iya wakilta miji ko ɗan'uwa a zaman unguwa, amma sunanki za a rubuta a takarda a matsayin mai dukiya.

Duk abin da aka yanke a rubuta shi, kowa ya sa hannu, har da jimlar cewa bayan wannan ba wanda ke bin wani. A irin zaman nan za a ce ka yi haƙuri ka ƙara wani abu a kan abin da ya tabbata. In ƙarin bai kai wahalar zirga-zirgar kotu ba, ni ina ganin ka bayar.

'Yan sanda: yaushe, kuma yaushe ne a'a

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai. In ka sa aka tsare shi a kan rigimar lissafi, yana iya kai ka kotu a kan tauye masa haƙƙi, kuma dabbar tana can ba mai ba ta ruwa yayin da yake tsare. Haka shi ma ba shi da ikon sa a kama ka don ka ƙi biyan ƙarin da ya ƙaga.

Magana tana zama ta laifi ne idan ya sayar da dabbar, ko ya yanka, ko ya ɓoye ta ya ce ta ɓata, ko ya musanta cewa ka taɓa ba shi. Wannan cin amana ne, sashe na 311 da 312 na Final Kod. Haka idan yana azabtar da ita da gangan, ko ya yi maka barazana da makami. A nan ka rubuta ƙorafi zuwa ga DPO na yankin da abin ya faru, ka haɗa da hotuna da kwafin takardar neman da ka ba shi. In ka ji ƙishin-ƙishin za a kai ragon kasuwa, musamman gab da babbar salla lokacin da farashi ke sama, kada ka jira gobe. Ka kai hotonsa wurin shugabannin 'Yan Awaki da dillalai a ranar.

Kotu

In ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ta yankin ita ce mafi kusa, da Hausa ake yi, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Ka je wurin rajistara ka shigar da ƙara, ka biya kuɗin da aka ƙayyade ka karɓi rasit, a kai masa sammaci. In ɗayanku ba Musulmi ba ne kuma bai amince da ita ba, sai kotun majistare. Kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 ta neman kuɗi ce, ta fi dacewa da shi mai kiwon idan yana ganin yana bin ka, ko kai idan kuɗin da ka biya fiye da ƙima kake nema. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Legal Aid Council.

Abin da za ka roƙa a fili yake: a dawo maka da kayanka, in babu su a biya ka ƙimarsu, da diyyar asarar da riƙon ya jawo. Amma roƙon da ya fi kowanne muhimmanci a zaman farko ake yinsa: "Allah ya gafarta malam, abin da ake shari'a a kansa mai rai ne. Ina roƙon a ba ni shi, ko a damƙa shi a hannun amintacce, a kuma hana sayar da shi, kafin a gama. Na yarda in ajiye kuɗin da ake musu a kansa a kotu." Shari'a mace ce da ciki, kuma ɗage zama ba ya tambayar ko rago ya ci.

In ya ce ta mutu, ko ta haihu

A ƙa'idar malamanmu amintacce ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, kuma idan ya ce ta mutu maganarsa ake fara kamawa, galibi da rantsuwa. Don haka kai za ka nuna sakacin: hotunan ranar farko, maƙwabtan da suka ga halin da take ciki, ko cewa ta mutu ne bayan ka nema ya hana. Wannan na ƙarshe yana da nauyi sosai, domin wanda ya hana mai abu abinsa ba da haƙƙi ba ya fita daga rigar amana. Ka tambayi ranar da ta mutu, wa ya gani, ina fatar, me ya sa bai kira ka ba.

'Ya'yan da aka haifa na mai uwar ne, sai in kiwon rabon 'ya'ya kuka yi. Al'adar rabon ta bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka abin da kuka faɗa da baki ranar bayarwa shi za a bi, in ba a faɗa ba a tambayi dattawan wurin.

Ranar karɓa da kwanakin bayanta

Ka je da rana, da shaidun nan, da jerin kayan a hannu. A ta da janareta a gaban kowa, a juya keken, a buɗe akwati a ƙirga takardu. Ka duba dabbar da alamominta, domin musanya rago da wanda bai kai shi ba abu ne da ake yi. In da abin da ya ɓata ko ya lalace, a rubuta shi a takardar karɓa kafin ka sa hannu. Ka karɓi makullanka, in gida ne ka canza kwaɗo.

Daga nan sai wurin likitan dabbobi, ya duba ya rubuta abin da ya gani, ko da ba ka da niyyar ci gaba da ƙara. Kuskuren da tausayi ke sa mutane shi ne su cika wa ramammen rago baho da dusa da hatsi a daren farko. Cikin da ya daɗe bai saba ba yana iya kumbura, har dabbar ta mutu. A fara da ruwa mai tsabta da busasshiyar harawa, a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan cikin mako guda zuwa biyu. Doki ma haka, sauya masa abinci farat ɗaya na kawo ciwon ciki. In kana da wasu dabbobi a gida, ka ware waɗanda suka dawo na kamar mako biyu, ba ka san da me suka cuɗanya ba. Kyanwa a kulle ta a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki da abinci da ruwa da kwanon yashi har ta natsu, in ta kwana biyu ba ta ci ba a koma wurin likita.

Tantabara kuwa tata daban ce. Inda ta saba nan take komawa, kuma 'yan shilar da aka ƙyanƙyashe a can ba su san wani gida ba sai nasa. Ka rufe su a ɗakinsu makonni, ya fi kyau har sai sun yi ƙwai sun kwanta a kai. In za ka fara sakinsu, ka yi da yamma kafin ka zuba musu dawa, 'yan kaɗan a lokaci guda. Nawa sai da na yi musu sati biyar a rufe, na fara da auren da ke kan ƙwai, suka yi shawagi biyu a saman soro suka sauko.